Ɗaga Tsohuwar Mota Daga Ƙasa: Awo da Lissafi Kafin Sassaƙar Ƙarfe

A shekarar 1975 ne aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, a wannan shekara kuma kamfanin Volkswagen ya soma nasa aikin a Legas. Abin ya zo daidai da ƙarin albashin nan na Udoji, lokacin da ma'aikacin da bai taɓa hawan abin da ya wuce keke ko babur ba ya fara tunanin mota. Ba a daɗe ba Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta zama motar hukuma, ta zama ta haya, ta kuma zama ta magidanta. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har 2006, watau fiye da shekara 20 bayan an daina ƙera salun ɗinta a Faransa.

Waɗanda suka rage daga cikin motocin nan yanzu sun tsufa. Wasu gado ne da 'ya'ya ke riƙe da shi don tunawa da iyaye, wasu kuwa har yau suna jigilar hatsi da mutane ran kasuwa. Galibinsu ciwo ɗaya ke damunsu: sun zauna. Baya ya sauka, taya ta shige cikin bodi, salansa na karta ƙasa duk inda aka haura tudu. Mai mota ya duba, sai ya ga magani a kusa, domin kuwa a Panteka ta Kaduna da sauran wurare irinta akwai masu injin sassaƙar ƙarfe, waɗanda kanikawa ke kira tona, wasu masu sha'awa ma sun ajiye ƙaramin injin a gida. Cikin awa guda ana iya fitar da zoben ƙarfe a sa a kan sifirin, mota ta miƙe. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da zoben nan ke yi wa mota, da abin da ba ya iya yi, da kuma lissafin da ya wajaba a gama kafin a kunna injin.

Abin da ke riƙe da mota

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, ba shokozoba ba. Wannan magana tana buƙatar nanatawa, domin sau da yawa akan ji mai mota ya ce ya sauya shokozoba amma motar ba ta tashi ba. Ai ba za ta tashi ba. Aikin shokozoba shi ne ya hana mota ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami. Ɗaukar kaya kuwa na sifirin ne, ko naɗaɗɗe, ko mai falle-falle, ko kuwa sandar ƙarfe da ake murɗawa irin ta Volkswagen.

Ƙa'idar da sifirin ke bi tsohuwa ce. Wani masani Bature mutumin Ingila, Robert Hooke, shi ya bayyana ta a 1678, cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora, gwargwadon lotsawar. A ɗauka, alal misali, akwai sifirin da kilo 20 ke lotsa shi santimita 1. Idan kusurwar motar da yake riƙe da ita ta kai kilo 340, to zai lotsa santimita 17 ya tsaya. In aka jefa buhun masara biyu, kowanne kilo 100, daidai bisa ƙafafun baya, kowane sifirin ya sami ƙarin kilo 100 ke nan, sai bayan mota ya ƙara sauka da santimita 5.

Daga wannan ɗan lissafi ake gane cewa zaman mota iri biyu ne. Akwai motar da ke zaune ko babu kowa a ciki. Wannan sifirinta ya gaji. Abin mamaki a nan shi ne gajiyar sifirin ba ta rage masa tauri sosai: ƙarfen yana nan da ƙarfinsa, tsawonsa ne kawai ya ragu saboda shekara da shekaru yana danne. Irin wannan motar zobe yana iya mayar da ita tsayinta na asali, ko da yake sabon sifirin ya fi, in ana samu. Akwai kuma motar da ke tsaye sosai in babu kaya, sai an loda ta ta durƙusa. Wannan ba tsufa ke damunta ba, lodi ne. Zobe ba ya ƙara wa sifirin tauri ko kaɗan. Buhunan nan biyu za su sauke ta santimita 5 da zobe ko babu zobe. Wanda ya ɗaga mota don ya riƙa yi mata lodin da ya wuce kima ya ɓoye alamar ciwo ne, alhali birki da taya da aksul suna nan da iyakarsu ta dā.

Sa'an nan ga babban al'amarin da ake mantawa. Ƙafar mota tana da iyakar inda za ta hau sama, inda robar tsayawa ke tare ta, tana kuma da iyakar inda za ta sauka ƙasa, inda shokozoba ke ƙarewa. Tsakanin iyakokin nan biyu akwai tazara, a ce santimita 20. Injiniyan da ya tsara motar ya zaɓi inda za ta zauna a tsakani, ya raba tazarar, wani kashi don hawa tudu, wani don faɗawa rami. Zoben da aka sa a kan sifirin ba ya ƙara tazarar nan da ko milimita 1, sai dai ya sāke rabon. Idan aka ɗaga mota santimita 4, an ƙara wa hawa 4, an kuma ƙwace wa sauka 4. Ran da aka shiga gargada da gudu, taya za ta nemi bin ƙasa ta ga shokozoba ya ƙare, sai a ji ƙara kamar an buga guduma, tayar kuma ta rabu da hanya na ɗan lokaci. Tayar da ke iska kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Sauke mota, kamar yadda wasu samari ke yi don ado, shi ma haka yake a juye: motar ta koma tafiya a kan roba, duk bugun hanya ya wuce kai tsaye cikin bodi. Kamfanin Citroën ne, a motarsa ta DS ta 1955, ya ba direba damar ɗaga mota da sauke ta daga mazauninsa, amma shi da mai da iskar gas ya yi amfani maimakon sifirin ƙarfe, kuma ko a can tsayin ƙoli ba na gudu ba ne, na ƙetare wuri mai wuya ne a hankali.

Awo

Ba a fara da injin sassaƙa, da ma'auni ake farawa. A sami daɓen siminti mai daidaito, a daidaita iskar tayoyi, a fitar da tarkacen da ke but, a bar safaya da jak a mazauninsu. A danna kowace kusurwa a saki, a tura motar gaba da baya 'yan taku don ƙafafu su sake. Sa'an nan a auna daga tsakiyar ƙafa zuwa leɓen bodin da ke bisa taya, ba daga ƙasa ba, domin awo daga ƙasa yana haɗawa da girman taya da cinyewarta. A rubuta lambobin huɗu.

Lambobin nan suna da magana. Idan hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita 1, akwai dalili, kuma tilas a neme shi. Wani lokaci robar da sifirin ke zaune a kai ce ta mutu ta baje. Wani lokaci naɗin ƙarshe na sifirin ne ya karye ya maƙale a wurin, ba a gani sai an cire. Wani lokaci kuma, wanda ya fi muni, bodin ne da kansa tsatsa ta ci a inda kan shokozoba ke ɗaure, har wurin ya fara turowa sama. Zobe a kan ruɓaɓɓen ƙarfe gini ne a kan rairayi. Har ila yau a lura mota kamar tebur take mai ƙafa huɗu: in bayan hagu ya sauka, gaban dama yakan ɗaga. Wanda bai san haka ba sai ya shiga gyaran kusurwar da lafiyarta ƙalau.

Zobe da jigo

Kaurin zobe da tashin mota ba kullum suke zuwa ɗaya ba. A gaban 504, sifirin yana naɗe ne a jikin shokozoba, dab da ƙafa, don haka zobe mai milimita 20 yana ɗaga mota kusan milimita 20. Amma a inda sifirin ke zaune a kan hannun ƙarfe, tsakanin maɗaurin hannun da ƙafa, lissafi ya sauya. Duk wanda ya ga jigo a fadama ya san cewa bakin sandar da ke nesa da gwafa ya fi wurin da ke kusa da ita yin tafiya. Ƙafa ita ce bakin nesa. Hanyar gano rabon mai sauƙi ce: a cire sifirin, a sa jak a ƙarƙashin ƙafa a ɗaga ta santimita 10, a auna yadda tazarar mazaunin sifirin na sama da na ƙasa ta ragu. In ta ragu da santimita 7, to zobe mai milimita 14 ne zai ba da tashin milimita 20. Wanda ya sassaƙa 20 zai sami kusan 29, ya yi ta mamakin inda ragowar ta fito.

Tun da sifirin yana waje, akwai awo na biyu da ya fi na farko muhimmanci. A ci gaba da ɗaga ƙafar har robar tsayawa ta matse sosai, a auna abin da ya rage tsakanin mazaunan biyu. A ce an sami milimita 140. Sa'an nan a ƙirga naɗin sifirin a ninka da kaurin wayarsa: naɗi 9, kowanne milimita 13, ya ba da 117. Wannan shi ne tsawon sifirin idan ya matse har naɗi ya haɗu da naɗi, ya zama dunƙulen ƙarfe. Sararin da ke akwai ke nan milimita 23. Zobe mai 20 zai bar 3 kacal, abin da bugu ɗaya mai ƙarfi zai cinye. Ran da sifirin ya haɗe kafin roba ta tare, nauyin mota duka zai sauka a kan ƙarfe tsagwaronsa, ko dai sifirin ya karye ko mazauninsa ya tsage. A wannan misali zoben da ya wuce milimita 12 ko 13 ganganci ne, kome kuwa mai mota ke so.

Awo na uku shi ne a saki ƙafar ta rataya har iyakarta, a duba robar man birki. In ta miƙe tsaf kamar tsirkiyar baka, ba a ci gaba sai an sami mai tsawo.

A gaban mota akwai wata dabara, ta sa zoben a can sama, tsakanin kan shokozoba da bodi. Wannan ba ta taɓa rabon hawa da sauka, domin sifirin da shokozoba tare suke sauka. Sai dai tana da nata farashi: hannun ƙasa da sandar sitiyari suna karkacewa daga kwanciyar da aka tsara musu, ta yadda duk lokacin da ƙafa ta hau ko ta sauka sai ta ɗan juya da kanta, direba ya ji mota na yawo a gargada. Kaɗan ba ya ɓaci. Da yawa kuwa yana cin taya, yana kuma gajiyar da gaɓoɓin da ba a yi su don wannan kusurwa ba.

Hanyoyi biyu na gaggawa sun cancanci a ambace su don a guje su. Ta farko cusa yankakkiyar taya ko katako tsakanin naɗin sifirin. Naɗin da aka toshe ya daina aiki, sauran su ɗauki rabonsa, ƙarshenta karaya a daidai inda toshiyar ta ƙare. Ta biyu gasa sifirin da wutar walda, don a ja shi ya ƙara tsawo ko a danne shi ya rage. Maƙera, waɗanda ke neman tsohon sifirin ruwa a jallo don ƙera wuƙa da gatari, sun fi kowa sanin cewa ƙarfen da aka ba ruwa, in ya sake yin ja a wuta ya huce da kansa, taurinsa ya tafi. Sifirin da aka gasa zai zauna cikin 'yan makonni, kuma ba daidai da ɗan'uwansa ba. Yanke naɗi da zarto ya fi gashi dama-dama, amma a san cewa yana ƙara tauri: sifirin mai naɗi 8 masu aiki in aka mai da shi 7 ya ƙara tauri da kashi 14 cikin 100. Haka nan wanda ya je kasuwa ya zaɓo sifirin wata mota don ya ga tsawonsu ɗaya, ya kula da kaurin waya. Bambanci tsakanin milimita 12 da 13, wanda ido ba ya gani, yana ƙara tauri da wajen kashi 38 cikin 100.

A gaban injin

In lissafi ya yarda, sai a zo ga sassaƙa. Abin da za a sassaƙa ya zama curin ƙarfe lafiyayye ko alminiyam na sanda, irin wanda ake kira 6061. Kada a yarda da alminiyam ɗin da aka narka daga tarkace aka zuba a rairayi kamar yadda ake zubin tukwane. Yana da kyau ga tukunya, amma cikinsa akwai ƙofofin iska da ba a gani, ba ya kuma lanƙwasa kafin ya fashe.

Zobe ba faifai ba ne kawai. Tilas ya kasance da leɓe ko wuya a kowace fuska, ɗaya ya shige mazaunin bodi, ɗaya ya riƙe sifirin ko robarsa, don kada ya zame ran da ƙafa ta rataya nauyi ya ragu a kansa. A nan ne kyakkyawan awo ke da amfani. Kaurin zoben in ya kuskure da rabin milimita ba wanda zai sani, amma wuyan da ya yi sako-sako zai yi ta motsi yana cin kansa. Fuskokin biyu su zama a layi ɗaya, ba karkata, kuma zobban hagu da dama a fitar da su daga sanda ɗaya a zama ɗaya. Inda wuya ya haɗu da fuska kada a bar kusurwa mai kaifi, a zagaye ta kaɗan, domin tsagewa kullum daga kusurwa mai kaifi take farawa, kamar yadda yadi ke yagewa daga inda almakashi ya ɗan ciza.

Akwai wata matsala da ke ba sabon tona mamaki. Sifirin da yawa ƙarshensu ba a shafe yake ba, jela ce da ke hawa a hankali, mazauninta kuma yana da gangare da ɗan mataki inda jelar ke tokarewa. Injin sassaƙa kuwa da'ira kaɗai ya iya. Mafita ita ce kada a yi ƙoƙarin kwaikwayon gangaren. A bar robar asali a kan sifirin yadda take, a sa zoben a bayanta, ta fuskar da ke shafaffiya. Robar nan ma tana hana ƙarfe gugar ƙarfe, wanda ke kankare fentin sifirin ya buɗe wa tsatsa ƙofa. In zoben na alminiyam ne a shafe shi da fenti, domin alminiyam da ƙarfe in suka haɗu da damshin damina, alminiyam ne ke ci.

Zoben saman shokozoba yana buƙatar bolti masu tsawo. A duba kan boltin a ga lamba 8.8 ko 10.9, ta farko tana nufin kowace murabba'in milimita tana jure wajen kilo 80 kafin ta tsinke. Bolti marar lamba na ƙofa da taga ne. Ba a yi wa gajeren bolti ƙari da walda, kuma in an ɗaure, zare biyu aƙalla su leƙo bayan noti.

Game da lafiyar mai aikin, abu biyu ne suka fi raunata mutane. Injin sassaƙa ba ya sakin abin da ya kama, saboda haka babbar riga da hannun kaftani mai faɗi da jelar rawani ba su da wuri a kusa da shi, makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi kuma ba a barinsa a jiki ko na ƙiftawar ido. Na biyu shi ne sifirin gaba. Ko an cire shi daga mota tare da shokozoba, yana nan a matse. Sifirin misalin nan na baya in an matse shi santimita 10, kilo 200 ne ke jiran notin sama ya kwance. Da ƙugiyoyin matse sifirin ake wannan aiki, biyu ko uku a kewaye, ba da igiya ko waya ba, kuma ba a tsayawa a saitin bakinsa.

Motocin ɗaukar kaya masu sifirin falle-falle nasu ya fi sauƙi a ido, amma akwai tarko. In sifirin yana bisa aksul, bulon ƙarfe a tsakaninsu yana ɗaga mota. In yana ƙarƙashin aksul, bulon nan sauke ta zai yi. Bulon ya zama guda ɗaya, ba a jera biyu, da rami da ƙusa na tsakiya don kada aksul ya zame, a kuma sa sababbin maɗaurai. Tsawaita maratayin bayan sifirin yana ba da wajen rabin abin da aka ƙara ne kawai, yana kuma karkata bakin aksul, gaɓar farfela ta shiga aiki a kusurwa, a fara jin kaɗawa. Gaɓar nan, abin sha'awa, a Ingila da sunan Hooke ɗin nan na sifirin ake kiranta, domin shi ya yi nazarin yadda gudunta ke hawa da sauka in an karya ta.

Dabarar Volkswagen

Bayan Beetle ba ya buƙatar tona sam, kuma ya cancanci a dakata a kansa don kyan dabarar da ke ciki. Kowace ƙafa tana rataye ne a hannun ƙarfe da ke manne da wata sanda. Nauyin mota yana murɗa sandar, ita kuma tana turjewa. Bakin sandar na ciki yana da haƙora 40, na waje 44. Da'ira digiri 360 ce, don haka haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, na waje kuwa digiri 8 da ɗan kai, wajen 8.2. Idan aka ɗauki tsawon hannun a kan santimita 40, matsar da haƙori ɗaya tak yana ɗaga mota ko sauke ta kusan santimita 6, wanda ya yi yawa. Amma in aka juya na ciki haƙori ɗaya gaba, na waje haƙori ɗaya baya, abin da ya rage bai kai digiri 1 ba, watau kimanin milimita 6. Da gangan aka bambanta yawan haƙoran, don a iya mayar da motar da ta gaji tsayinta a hankali, mataki-mataki. Kafin a zare kome a yi wa sanda da hannu alama, a kuma auna karkatar hannun da ma'aunin kusurwa bayan an sake shi. Sakin nan da jak ake yinsa sannu-sannu, domin hannun a ɗane yake.

Sauƙin aikin ne ke jawo wuce gona da iri. Yawancin Beetle ƙafafunsu na baya suna lilo ne daga giyabos, kowace a kan sanda mai gaɓa ɗaya. In aka ɗaga baya sosai, ƙasan tayoyi ya shigo ciki kamar mai ƙafar baka, a kwana mai tsanani tayar waje ta nemi naɗewa ƙarƙashin mota, baya ya tashi ya watsar. Irin wannan tsari ne a motar Chevrolet Corvair ta farkon shekarun 1960, wadda Ralph Nader ya yi wa kaca-kaca a littafinsa na 1965 a Amurka. In kuma aka sauke ta sosai, ƙafafu su yi gwame, man giya da ke gangarowa ta bututu zuwa boris ɗin ƙafa ya rasa gangare, boris ya bushe.

Abin da ke biyo baya

Motar da aka sauya wa tsayi ba a gama da ita ba ran da aka sauke ta daga jak. Bushin roba na hannuwa a kwance su a sake ɗaurewa motar tana tsaye a kan ƙafafunta, in ba haka ba za su zauna a murɗe su yage da wuri. A kai ta a daidaita ƙafafun gaba. A sake saita fitilu: tsakanin ƙafar gaba da ta baya a salun 504 mita 2.74 ne, saboda haka ɗaga gaba da santimita 3 fiye da baya yana ɗaga hasken da wajen kashi 1 cikin 100, kusan daidai da duk sunkuyon da ake ba ƙaramar fitila don kada ta kashe wa mai tahowa ido.

Wanda ya fi ɓuya shi ne na birki. Motoci da yawa na wancan zamani suna da wani bawul a baya, haɗe da aksul ko hannun ƙafa ta wata 'yar sanda, wanda ke gane nauyin kaya ta hanyar saukar bodi. In bodi ya sauka, ya san an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ya tashi, sai ya rage don kada tayoyin baya su kulle. Zobe yana yi wa bawul ɗin nan ƙarya. Motar da aka ɗaga tana iya cika da mutane da kaya, shi kuwa yana ganin fanko ce, ya hana birkin baya rabonsa, tazarar tsayawa ta ƙaru a ranar da aka fi bukatar ta gajarta. Tilas a sake saita sandarsa gwargwadon abin da aka ƙara.

Cibiyar nauyi ita ma ta hau. Juriyar mota ga kifewa ana kimanta ta ne da faɗin da ke tsakanin ƙafafu a raba da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Mota mai faɗin mita 1.4 da cibiya a santimita 55 tana ba da 1.27, in cibiyar ta koma 60, sai 1.17, raguwar kashi 8 cikin 100 ke nan, tun ba a ɗora kaya a rufi ba.

Saura buri na asali, watau ƙetare tudun nan da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanyar burji kamar kunyar gona. A motar da ƙafafunta na baya ke haɗe da aksul guda, irin su wagon da a-kori-kura na 504, tulun da ke tsakiyar aksul shi ne mafi kusa da ƙasa, kuma a kan tayoyi yake zaune, ba a kan sifirin ba. A ɗaga bodi santimita 10 in ana so, tulun yana nan inda yake. Abin da zobe zai tserar shi ne salansa da tankin mai da jelar mota. Tulu kuwa sai taya mai tsayi, ita ma rabin abin da aka ƙara wa faɗinta take bayarwa, tana kuma sa agogon gudu ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya.

Bayan an haɗa kome, akwai gwaji mai araha. A manna ɗan curin yumɓu tsakanin naɗi biyu na tsakiyar sifirin, a shafa alli a robar tsayawa, a ɗauki kayan da aka saba ɗauka a bi hanyar da aka saba bi. In an dawo, allin ya nuna ko roba ta taɓa, kaurin yumɓun da ya saura kuma ya nuna sararin da ya rage kafin naɗi ya haɗu da naɗi. In yumɓun ya baje har ƙarfe ya bayyana, zoben ya koma kan injin a rage shi. In da saura, sai a yi tafiyar mako guda, a sake bin notuna duka da sifana, a kuma sake auna kusurwoyin nan huɗu a kan daɓen da aka fara.